Tsirkiya Huɗu a Wad Madani

Shagon Babikir yana bayan tashar mota,
tsakanin mai facin taya da matar da ke dafa shayi.
Jita uku na tarar a bango ranar.
Ja guda, sabuwa fil, ko ledarta ba a ɓare ba.
Ta biyu mai tsirkiya biyar,
faɗin wuyanta ya fi ƙarfin yatsuna.
Ta ukun tana lungu, fentinta ya koɗe,
ga tabon sigari kusa da kai,
ga wani ɗan rami a jikin katakon
inda babban yatsan wani ya shekara ashirin yana hutawa.

Na miƙa hannu ga jar. Babikir ya yi tsaki.
Ya ce, "A kan bas kunne maƙaryaci ne, yaro.
Kada ka jona ta da komai.
Manna ta a cikinka, taɓa mai kaurin,
ka ji wadda za ta gaisa da haƙarƙarinka."
Jar ta yi tari ɗaya ta yi shiru.
Tsohuwar ta ɗauki sauti ta riƙe,
ta riƙe,
har shayina ya huce.

Kuɗin yankan riɗi na Gadarif na zube masa,
na ɗora agogona a kai.
Amfilifaya kuwa aro ce, ta Sabi'u mai gyaran rediyo,
sai an mare ta a gefe take tuna aikinta,
in janareto ya yi fushi ta taya shi gurnani.

Tsirkiya tsada, sai an samu mai zuwa Khartum.
In gumi ya dusashe muryarsu
nakan tafasa su, su farfaɗo na sati biyu.
Ran nan Yaya Kaltume ta ɗaga murfin tukunya,
ta ga ƙarafa huɗu suna birgima a ruwan zafi,
ta ce, "Tanko, yau macizai za mu ci?"
Kwana uku ba ta yarda ta dafa wake a ciki ba.

Mu shida ne.
Mu'awiya da akodiyon, Jatau a kan ganguna,
mai waƙa da farar jallabiya da turarensa,
shi ake zagayewa, shi ake ɗaga wa hannu.
Ni ina can baya wajen tulin wayoyi,
mai hoto kan yanke ni daga kafaɗa.
Ban damu ba.
Ƙafar Jatau nake kallo, ita ce abokiyar hirata,
inda ta sauka nan nake shimfiɗa tabarma
sauran su zo su zauna.

A wani biki, dare ya raba,
yaro ya bi ta bayana da gudu, ya tsinke min waya.
Waƙa ba ta tsaya ba, ganga ba ta tsaya ba,
amma kafaɗun mata suka yi sanyi,
wani tsoho ya sauke sandarsa yana waige-waige
kamar wanda ya ɗanɗani miya ya rasa abin da babu.
Na durƙusa cikin duhu,
na fere wayar da haƙori, na murɗa, na naɗe da leda.
Da na dawo, ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafafunsu.
Ba wanda ya san ni ne.
Jatau kawai ya ɗaga min gira.

Asuba muka tafi gida a rakasha,
amfilifaya a cinyata, jitar tsaye tsakanin gwiwoyina,
Nilu a gefe yana nasa kiɗan, can ƙasa, ba mai tafa masa.
Na taɓa tambayar Babikir mai ita na farko.
Ya ce ya tafi Jidda tuƙin mota, bai sake aiko da gaisuwa ba.
Na sa yatsana a ramin da ya bari.
Da ya yi min yawa.
Bana na ji ya zauna daidai,
kuma kamar ya ɗan ƙara zurfi.